Bakin Tekun Da Kare Ke Yawo Ba Igiya

Idan mutum ya bi titin Voltaire a unguwar Ocean Beach ta birnin San Diyego, ya miƙe yamma har kwalta ta ƙare, zai iske wani makeken filin ajiye motoci, bayansa kuma rairayi shimfiɗe har bakin Tekun Fasifik. Wannan wuri shi ne mutanen birnin ke kira Dog Beach, watau bakin tekun karnuka. Tun shekarar 1972 aka keɓe shi domin kowa ya zo ya kwance karensa ya sake shi, dare ko rana, kuma yana cikin wurare na farko irinsa a duk ƙasar Amurka. Birnin kansa yana can kudancin Jihar Kalifoniya, kimanin mil 20 daga iyakar Meksiko.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin labari don an saki kare? Ai a garuruwanmu karen farauta da na gadi ba su san wani abu igiya ba. To, a can ba haka abin yake ba. Doka ta hana kare ya taka titi sai da igiya a wuyansa, ubangidansa na riƙe da ita. A yawancin sauran bakin tekun birnin ma, daga watan Afrilu zuwa Oktoba, ba a yarda a ga ƙeyar kare ba tsakanin ƙarfe 9 na safe da ƙarfe 6 na yamma, ko da kuwa yana ɗaure. Saboda haka karen da ke zaune a gidan bene yana iya shekara bai yi gudu iya ƙarfinsa ba ko sau ɗaya.

Irin wannan kare ne wasu iyali suka zo da shi wata Asabar da safe cikin watan Yuni. Su biyar ne: maigida, wanda ke aikin walda a ma'aikatar gyaran jiragen ruwa, da matarsa, da ɗansu mai shekara 11, da ƙanwarsa, da kuma kakar yaran wadda tun a mota ta ce ita kallo kurum ya kawo ta. Wata uku ke nan da suka karɓo karen daga gidan da ake tsare dabbobin da ba su da masu, wani ja mai dogayen ƙafafu. Tun zuwansa maƙwabta ke kai ƙara cewa kukansa ya hana su sakat, har mai gidan hayar ya aiko da takardar gargaɗi. Likitan dabbobi ya ce ba ciwo ke damunsa ba, zaman wuri ɗaya ne. Maigida kuwa ya yanke magana: za a gwada shi a bakin teku, in an kira ya dawo, to, za a riƙa kawo shi kowane mako, in ya ƙi, sai a mayar da shi inda aka samo shi. Yaron ya kwashe makonni yana koya masa amsa kira a barandar gida, da gutsuren nama a aljihu.

Garin ya tashi da hazo, kamar yadda ya saba a wannan wata, rana ba ta leƙowa sai wajen tsakar rana. Amma wurin ya riga ya cika. Ga karnuka nan iri iri, wani kamar ɗan maraƙi, wani bai fi kyanwa ba, wani gashi ya rufe masa ido har ba a san gabansa da bayansa ba sai ya yi haushi. Wasu na bin ƙwallo cikin ruwa, wasu na tonon rami ba gaira ba dalili. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne ƙarancin faɗa. Masu kiwon karnuka na cewa kare a ɗaure ya fi saurin kai cizo, don ba shi da hanyar kaucewa. In an sake shi sai ya shinshina ɗan'uwansa, kowa ya kama gabansa.

Sai dai kada a ɗauka wurin ba shi da doka. Dole kare ya zama da lasin, an kuma yi masa allurar rigakafin ciwon hauka. Dole mai shi ya kwashe kashinsa a leda ya kai kwandon shara, komai girmansa da muƙaminsa, kuma kakar nan ta daɗe tana girgiza kai da ta ga wani dattijo mai furfura ya durƙusa yana wannan aiki. Sa'an nan in kare ya ciji wani, ubangidansa ne a ciki. Mutanen unguwar su kan fito lokaci lokaci su share rairayin da kansu, domin sun san in ƙazanta ta yi yawa ba a rasa masu neman a rufe wurin.

Da suka isa inda rairayi ya jiƙe, yaron ya tsuguna ya ɓalle igiyar. Karen ya tsaya cik, ya dubi hannun yaron, ya dubi igiyar, kamar bai yarda ba. Can sai ya zabura. Ya yi da'ira uku, ya faɗa ruwa, sanyi ya koro shi, ya sake komawa. Ruwan wannan gaɓa yana da sanyi ko da lokacin zafi, saboda daga arewa yake gangarowa. Uwar ta riƙe 'yarta tana koya mata ta riƙa jan ƙafa a ƙasa in ta shiga, don akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai da ke kwanciya cikin yashi, yana da ƙaya a wutsiya, wanda ya taka shi ba zai manta da ranar ba.

Daga arewacin wurin ne Kogin San Diyego ke shiga teku, bayan ya taso daga duwatsun Kuyamaka, tafiyar fiye da mil 50. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi masa hanya miƙaƙƙiya, aka jera manyan duwatsu suka raba shi da mashigin Mission Bay. Nan ne haɗarin wurin yake. In aka yi ruwan sama, kogin kan kwaso dattin birni ya zubo, shi ya sa hukumar lafiya ke gargaɗin a guji shiga ruwa har awa 72. In teku na janyewa kuma, ruwan bakin kogin yana da ja ƙwarai. A gefensa akwai 'yan tuddan rairayi da fadama inda tsuntsayen ruwa ke kiwo, an kuma roƙi jama'a su hana karnukansu shiga.

To, can karen ya nufa. Wani farin tsuntsu ne ya tashi gabansa, shi kuwa ya ce da wa Allah ya haɗa mu. Yaron ya buɗe baki zai kira ke nan sai ga jirgin sama ya taso. Filin jirgin birnin yana kusa, jirage kuwa ta kan wannan yanki suke tashi, har mazauna wurin sun saba yin shiru a tsakiyar magana sai ƙara ta wuce. Yaron ya yi ta ƙwala kira, ko shi kansa ba ya jin muryarsa. Karen ya riga ya shiga ruwan kogin har ƙirji.

"Baba, bari in bi shi!" in ji yaron.

Uban ya dafa kafaɗarsa. "Tsaya nan. In ka bi shi zai ɗauka wasa ne. Bari jirgin ya wuce, ka kira sau ɗaya."

Ƙarar ta lafa. Yaron ya kira, muryarsa na rawa. Karen ya waiwayo, ya sake duban tsuntsun da ya riga ya yi nisa, ya ɗan yi jim. Sa'an nan ya juyo, ya fito, ya sheƙo a guje, bai zame ko'ina ba sai gaban kakar, inda ya kakkaɓe jikinsa ya jiƙa ta sharkaf, ita da ta zo kallo kurum. Ta yi ta faɗa, amma ita ce ta ce wa jikanta, "Kai, ba shi naman mana, me kake jira?"

Maigida bai ce komai ba game da alkawarinsa. Da rana ta take, ya tambayi matarsa ko tana da aiki Asabar mai zuwa. Suka tattara tabarma da kwanon ruwan karen, suka nufi mota. A daidai inda rairayi ya haɗu da kwalta yaron ya tsuguna ya mayar da igiyar, domin daga nan dokar birni ta dawo, karen kuwa ya miƙa wuya yana haki. Kafin su fita daga titin Voltaire ya yi barci a kan ƙafar kakar.