Kafin ka zuba kuɗin rajista a kan tsohon kwabo

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai ya samu sarari.

Wani sabon zazzaɓi ya shigo ɗakunan kwananmu a semistar nan. Bidiyo ne ke yawo a TikTok, Bature riƙe da ɗan kwabo yana cewa rubutun jikinsa ya fito biyu-biyu, don haka an saye shi dubban daloli. Yanzu kowa ya koma binciken adakar kakarsa. Wannan ba laifi ba ne. Inda abin ya fara ba ni tsoro shi ne makon jiya, da wani abokina ɗan ajinmu ya ce zai cire dubu arba'in daga kuɗin rajistarsa ya sayi kwabbai biyar a hannun wani mutum, wai akwai mai saye da zai zo daga Garwa ya biya ninki goma. Kuɗin nan mahaifinsa buhun masara ya sayar ya turo. Shi ya sa na ce bari in faɗi ɗan abin da na sani.

Ni sanina ya samo asali ne daga yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur muna zaune a gida. A gidanmu na Yolde Pate kakata, Dada muke ce mata, tana da wani gwangwanin alewa cike da silalla. Akwai kwabo mai huda na zamanin Turawa, mai tauraro a baya da rubutun Larabci a jiki. Akwai anini, wanda sai ka tara goma ka samu kwabo ɗaya. Akwai sisi da sule. Akwai na 1973, shekarar da aka koma naira da kwabo, har da kwabo 25 mai hoton dalar gyaɗa. Akwai naira ɗaya ta 1991 mai kan Herbert Macaulay, da naira biyu ta 2007 da ko mai Keke Napep ba zai karɓa ba yau. Rashin aikin yi ya sa na zauna ina karanta yadda ake buga su, ina dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Kwabo hatimin ƙarfe ne ke buga shi. Shi kansa hatimin daga wani ƙarfe ake ɗauko zanensa, mu kira shi uwar hatimi. A da, sai an danna uwar a kan hatimin fiye da sau ɗaya, ana gasa shi a tsakani don ya yi laushi. Idan a dannawa ta biyu aka ɗan goce, zanen zai zauna biyu a cikin hatimin, kuma duk kwabon da ya buga zai fito da wannan ninkin, iri ɗaya sak. Wannan shi ne ninkin da masu tara silalla ke nema.

Wanda ya fi shahara shi ne santi ɗaya na Amurka na 1955, mai kan Lincoln, wanda aka buga a Filadelfiya. Shekarar da rubutun sun fito biyu ƙarara, ba ka buƙatar madubi. Kimanin dubu 20 ne suka shiga hannun jama'a, shi ya sa ko wanda ya sha hannu yakan haura dala dubu. To shi ne yawanci kuke gani a bidiyon nan. Santin Amurka ne, ba kwabon gwangwanin Dada ba.

Sai nau'i na biyu, wanda shi ne ya cika duniya. Hatimin lafiyarsa ƙalau, amma lokacin bugu ya ɗan yi rawa ko ya zame, ya shafi gefen harafi ya danne shi. Sai ka ga kamar inuwa a gefen rubutu. Wannan ba ya ƙara wa kwabo wata daraja. Akwai kuma na uku, hatimin da ya tsufa ya cinye, haruffa su yi kumburi su baje kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. Shi ma haka.

Yaya za ka bambance? Ka ari madubin ƙara girma mai ninki goma, 'yan sashen nazarin duwatsu da na tsirrai suna da shi. Ka fita haske, ka karkata kwabon a hankali.

Na ɗaya, dubi tudun. A ninkin gaske, zane na biyu yana da tudu da kumbo kamar na farko. A na zamewa, a baje yake kamar matakala, kamar an sa wuƙa an shafe gefen.

Na biyu, dubi kaurin harafi. Ninkin gaske yana ƙara masa kauri. Na zamewa daga jikin harafin ya ci, don haka harafin sirancewa yake yi.

Na uku, dubi ƙarshen haruffa da lambobi. A na gaske za ka ga bakin ya tsage biyu kamar harshen maciji.

Na huɗu, nemi ɗan uwansa. Tunda laifin a hatimi yake, dole akwai wasu kwabban masu irin ninkin a daidai wurin, kuma masu tarawa sun rubuta sanannun da hotunansu. Idan mutum ya kawo maka guda biyar, kowanne inuwarsa ta nufi gabas da yamma, ka san inda aka dosa.

Na roƙi abokin nawa ya karɓo kwabban mu gani kafin ya biya. Mutumin ya yarda da ƙyar, ya ba da awa ɗaya. Uku zamewar bugu ce, ɗaya tsufan hatimi, na biyar kuwa gefen lambar duka ya sha, har da alamar ƙusa. Da abokina ya ce a bari mai sayen ya iso tukuna, ya saya kai tsaye a ba shi la'ada kawai, sai wayar mutumin ta daina shiga. Ku tambayi kanku mana: wanda yake da tabbacin ninki goma gobe, me zai sa ya sayar wa ɗalibi yau? Salon tsoho ne, irin wanda aka yi wa iyayenmu da tsohon dutsen guga da keken ɗinki.

Kada kuma wani ya fahimce ni cewa silallan gidajenmu shara ne. Ku duba da kyau, wasu suna da ƙaramin harafi H ko KN, alamar masana'antun Birmingham ne da suka buga su. Akwai kwabo mai huda na 1936 da ke ɗauke da sunan Edward na Takwas, sarkin Ingila da ya yi murabus bai cika shekara a sarauta ba. A Ingila kanta kuɗinsa bai shiga kasuwa ba, amma a Afirka ta Yamma an kashe shi, wataƙila har a kasuwar Jimeta. An buga da yawa, don haka ba zai saya maka mota ba. Amma Dada tana iya gaya maka abin da anini ke saya ranar da aka kawo ta gidan miji, kuma wannan ba ya cikin kowane littafin da za a ba mu a aji.

Idan ka samu wanda kake zargin na gaske ne, don Allah kada ka wanke shi. Ba toka, ba lemun tsami, ba soson ƙarfe. Gogewa tana kashe darajarsa nan take. Riƙe shi ta gefe, naɗe shi a takarda, ɗauki hoto mai kyau gaba da baya, ka kwatanta da hotunan da aka tantance. Kuma kada ka tura wa kowa kuɗi da sunan kuɗin tantancewa ko na aike.

Na san halin da ake ciki. Kuɗin mota daga Yola zuwa Girei kaɗai ya isa ya sa mutum mafarkin arzikin dare ɗaya, ga abinci, ga haya, ga kuɗin takardu. Amma kuɗin rajista amana ce, kuma in an rufe shafin biya babu kwabon da zai buɗe shi. Ku tura wa duk wanda kuka ga zazzaɓin nan ya fara kama shi. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa wa iyayenmu albarka.