Ina Ruwan Kwatarmu Yake Zuwa?

Wata rana ina cikin koyar da darasin tsabta, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ruwan babbar kwatar Nima ina yake zuwa?" Na ce yana faɗawa rafin Odaw, ya shiga tafkin Korle, daga nan sai teku. Ta ce, "To wa yake tace shi?" Na yi shiru, domin amsar ita ce babu kowa.

Ruwan nan kuwa yakan dawo mana. Da irinsa wasu masu lambu suke shayar da latas da kabeji, mu saya mu ci da shinkafa da wake. A shekarar 2014 kwalara ta kashe fiye da mutum 200 a Gana, kuma Ankara ce ta fi jin jiki. Har yau ban manta da yadda ajina ya rage cika ba.

Alhali tace ruwa ba sihiri ba ne. Akan haƙa tafkuna uku a jere. A na farko, ƙazanta mai nauyi takan kwanta a ƙasa. A na biyu, gansakuka kan ba da iska, ƙananan halittu su cinye ragowar dauɗa. Na uku ba shi da zurfi, don haka rana kan ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. A Kumasi har tarwaɗa aka kiwata a irin wannan tafki na ƙarshe.

Jama'a, mu riƙa yi wa wakilanmu tambayar yarinyar nan duk lokacin da suka zo neman ƙuri'a. Kafin su amsa, mu daina zuba shara da bayan gida a kwata.