Kyamarar Da Ta Riƙe Mana Muryar Inna

Jama'a, in za ku sayi ƙaramar kyamarar bidiyo ta gida, kada tsada ta ruɗe ku, domin yayi ake yi. Flip da ta yi tashe a Amurka a 2007, kamfanin Cisco ya rufe ta a 2011. Ni abu biyu nake dubawa: kyawun sauti, da inda hoton zai kwana. Tawa mai araha ce, mai kaset ɗin MiniDV na minti 60. Da ita na ɗauki Inna tana yi wa jikoki tatsuniya, yau muryar nan ce gadonmu. Amma kaset yana lalacewa, na'urar kunna shi kuma ta yi wuya. Ku juye naku a kwamfuta tun da sauran dama. Allah Ya jiƙan magabatanmu.