Gwangwani Biyu

Ni maɗinkin hula ne a Utai. Zanen da ke kan hulunan nan kuwa daga kaina yake fitowa, ba na kwaikwayon na kowa. Kowace Jumma'a nakan kai su kasuwar Wudil, a yaba, a saya, in yiwo cefane in komo gida da murna.

Sa'ad da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya hau, zare ma ya bi shi. Ran nan na sayar da hula uku, na yi cefane, na je sarin zare, sai abin da ya rage bai isa na hula ɗaya ba. Ashe uwar kuɗi nake ci.

Uwargidana ta ce, "Maigida, ka lissafta zare da yadi. Mako biyun da idonka ya yi kan hula ɗaya fa, wa ya biya?"

Na rasa amsa. Kashegari na samo gwangwani biyu, ɗaya na jari, ɗaya na gida. Na kuma ƙara wa huluna kuɗi, gabana na faɗuwa. Wani dillali ya yi fushi ya daina zuwa. Masu sanin aikin hannu kuwa suka biya.

Ya ɗan'uwana mai sana'a, yabo yana da daɗi, amma ba ya sayen zare.