Hutun kaka a ƙasar Damagaram, tafiya da ƙafa

Duk shekara idan damina ta ɗauke, ma'aikacin da ya samu konjensa na wata guda yakan zauna yana lissafin inda zai nufa. Mai hali ya ce Kwatano ko Lome, don ya ga teku. Mai matsakaicin ƙarfi ya ce Kano, ya yi sayayya ya komo. Saura kuwa su ƙare hutun bisa tabarma a ƙofar gida, ana shayi ana karta har ranar komawa biro. Da wuya ka ji wanda ya ce zai ɗauki gora da sanda ya taka ƙasarsa da ƙafa. A wurinmu tafiyar ƙasa alamar rashi ce, yawon daji kuwa an bar wa Nasara da mafarauta. To, wannan shafi na yau shawara ce ga mai neman wurin da ba kowa ke zuwa ba: ƙasar Damagaram, daga tsakiyar watan Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba.

Dalilin zaɓen wannan lokaci a fili yake. Ruwan sama ya tsaya, hanyoyin ƙauye sun bushe, amma tafkuna na cike, ciyawa ba ta gama ƙonewa ba, kuma ƙurar hunturu ba ta rufe sararin sama ba tukuna. Hatsi ya nuna, ana girbi ana ɗaurin damma, baƙo ba ya kwana da yunwa a ƙauye. Sai dai a san cewa Oktoba na da nata zafi, wanda manoma suka sani sarai. Mai son sanyin safiya na gaske ya jira Nuwamba ta kama.

Daga Yamai zuwa Zinder kusan kilomita 900 ne bisa babbar hanyar kwalta, wato yini guda cur a cikin kar. Wanda ya iso kada ya yi gaggawar fita daji, domin tafiyar farko cikin Birni take. Unguwar an gina ta ne a tsakanin manyan duwatsu masu sulɓi, waɗansu bisa waɗansu tamkar an jera su da hannu, har akwai gidajen da dutse ne bangonsu na baya. Lungunan ba na mota ba ne, kuma gara haka. Mai tafiya sannu zai ga zanen da magina suka yi a fuskar zaurruka, da zankwaye a kan soraye, da abin da ya rage na ganuwar da Sarki Tanimu ɗan Sulaiman ya kewaye garin da ita a shekarun 1850. Tanimun nan, wanda ya yi mulki har 1884, shi ne ya sa maƙera suka riƙa zuba igwa a Damagaram, ya tara bindigogi, ya mai da garin babban zango na ayarin da ke tsakanin Tarabulus da Kano. Fadar da ake hawan salla a ƙofarta har yau tana nan, kuma ana shiga idan an nemi izni wurin dogarai da ladabi. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a nan a ƙarshen Disamba 1852, ya yi fiye da wata guda kafin ya kama hanyar Katsina da Sakkwato.

Daga Birni a taka zuwa Zango, unguwar fatake da Buzaye ta asali, inda attajiri Malam Yaro ya yi gidansa. Tsakanin unguwannin biyu Nasara suka kafa barikinsu, suka sa masa sunan Kyaftin Cazemajou, wanda aka kashe a Zinder a watan Mayu 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara guda bayan haka, a ƙarshen Yuli 1899, aka gwabza a Tirmini, yamma da gari, Faransawa suka ci nasara suka shigo. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar ƙasar Nijar, kafin a mai da ita Yamai. Cikin dalilan da aka bayar har da ƙarancin ruwa, kuma duwatsun nan da ke ba baƙo sha'awa su ne tushen matsalar: garin bisa fa yake zaune, rijiya ba ta nisa sai ta ci karo da dutse, shi ya sa aka daɗe ana jawo ruwan famfo daga Gogo da Macaya da Arunguza. Mai yawo ya riƙe wannan a ransa idan ya ga ƴan garuwa da jerin bido a bakin famfo.

Abin da ke damun mai wannan rubutu shi ne, Birnin na narkewa. Kowace damina sai soro ya faɗi, magada su share wurin su aza bulo da kwano, don gyaran ginin ƙasa na son yaɓe duk shekara, maginan da suka iya kuwa suna ƙarewa. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta karɓa. Agadas ta samu shiga a 2013, Damagaram na jira. Ba a zargin mai gida da ya gaji da ɗigar ruwa bisa ƴaƴansa. Amma gidan da ba wanda ke zuwa kallonsa, ba wanda ke ba yaron da ya yi jagora ko da dala ashirin, mai shi ba ya ganin dalilin wahala da shi. Nasara masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa saboda halin tsaro a yankin Sahel. Idan ƴan ƙasa ba su maye gurbinsu ba, ba wanda zai maye.

Tafiya ta biyu ita ce ta Miriya, kilomita 18 gabas da Zinder. Mai ƙarfin gwiwa ya tashi bayan sallar asuba, ya bar kwalta ya bi turbar ƙauyuka, kafin hantsi ya yi zafi ya isa. Awa huɗu ne ga mai tafiyar hankali. Wanda bai saba ba ya shiga taksi ya je, ya yi yawonsa a cikin garake. Miriya tsohuwar ƙasar Sosebaki ce, ta girmi sarautar Zinder, kuma Allah ya ba ta abin da ya hana wa babban birnin, wato ruwa kusa. Ga kukoki manya, ga mangwaro da lemu da rake, ga matan da ke ginin tuluna da randuna waɗanda ake kaiwa kasuwanni masu nisa. A daidaita tafiyar ta faɗo ranar Lahadi, ranar kasuwa, kamar yadda Alhamis take babbar rana a Kasuwar Dole ta Zinder.

A wannan hanya ne mutum zai lura da gawo. Itacen nan saɓanin sauran yake: da damina ya kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya samu rana da taki, da kaka kuma, lokacin da kowa ke bushewa, shi ya yi kore shar. Dattawa na faɗin cewa sarakunan Damagaram na dā sun yi doka mai tsanani bisa saran gawo. Bayan farin 1984 manoman Miriya da Matamai da Magarya suka koma barin ƴan tsiron da suka fito da kansu a gona, suna sassabe suna kewaye su, har gonakin suka koma tamkar daji mai tsari, masana daga ƙasashen waje na zuwa kallo. Ba furoje ba ne ya dasa su. Wanda ya wuce da mota ba zai ga komi ba sai itatuwa. Wanda ya tsaya a inuwar ɗaya ya gaisa da mai gona, aka gasa masa tumu, shi zai ji yadda aka yi.

Gaba da Miriya, tafiyar kamar awa guda da mota bisa hanyar Difa, akwai Gidimuni da tafkinta, kewaye da dabinai da gonakin rake da rogo, tudun rairayi na leƙo su daga sama. A 2019 aka sa tafkin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare wurare masu dausayi, kamar yadda aka sa tafkin Lasuri a 2005. Kaka ce lokacin da tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai ke sauka a irin waɗannan ruwaye, su haɗu da kirinjijiya da balbela na gida. A kewaya tafkin da sassafe, a hau tudu da la'asar. Wanka a ciki dai a haƙura, don ruwan kwance na kawo tsargiya.

Mai sauran kwanaki da ƙarfin aljihu ya zarce Gure, fiye da kilomita 150 daga Zinder, ƙasar Muniyo, inda ake samun kwaruruka masu dabino da kanwa a tsakiyar rairayi, arewa kuma ga tsaunukan Kutus wajen Kelle. Can tafiyar dutse ce ta sosai, ba a yin ta sai da ɗan gari. Termit kuwa, wadda aka mai da gandun kare namun daji a 2012, ba wurin da mutum zai nufa don kansa ba ne. Sai da izinin hukuma da rakiya, kuma shawarar da za a bi ita ce ta mahukuntan wurin a ranar, ba ta wannan shafi ba.

Sauran magana ta ladabin hanya ce. Duk ƙauyen da za a kwana a fara da ƙofar mai gari, a faɗi ko wane ne da abin da ya kawo mutum, a riƙe katin ɗan ƙasa a aljihu. Kada a keta gonar da ba a girbe ba, ko da hanyar ta fi kusa, domin lokaci ne da makiyaya ke gangarowa daga arewa, manoma na cikin fargaba, kowa idonsa bisa ɓarna. Ba a ɗaukar hoton mace ko na masallaci ba tare da tambaya ba. Takalmi rufaffe wajibi ne, ga ƙarangiya da ke nuna a wannan lokaci, ga kububuwa da ke kwanciya ƙarƙashin karan da aka tara. Gidan sauro ma haka, don zazzaɓin cizon sauro a ƙarshen damina ya fi tsananta. Ruwa a ɗauka fiye da yadda ake zato, guzuri kuwa ba ya wuce ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi, hura da nono ana samu a hanya. Daga ƙarfe 11 zuwa la'asar a nemi inuwa a zauna, kamar yadda masu ƙasar ke yi.

Wanda hutunsa ya kai shi har Disamba, ya tambaya a Birni ko an sa ranar wasan kara, inda samari ke kwaikwayon sarakuna da gwamnoni da sojoji, da bindigogi da kyamarori na karan dawa, manyan da ake kwaikwayo na zaune suna kallo.