Neman Faifai Mai Kyau Na Kiɗan Bach

Duk wanda Allah ya jarabce shi da son tsohon kiɗan Turawa, musamman irin wanda ake kira konshato, watau kiɗan da abin kiɗa guda ke jan gaba saura suna amsa masa, ba ya daɗewa yake gane cewa gwanintar makaɗi daban, kyan ɗaukar sauti daban. Sau da yawa yakan zuba kuɗinsa a kan faifan shahararren makaɗi, ya je gida ya tarar abin da ya saya domin ji, shi ne ba ya fita.

Tushen wahalar yana jikin abin kiɗan ne. Johann Sebastian Bach, mutumin Jamus, ya tsara konshato bakwai domin hafsikod guda a birnin Leipzig wajen shekarar 1738, zamanin da yake shugabantar ƙungiyar makaɗa da ke wasa a gidan shan kofi na Zimmermann. Shi hafsikod a ido kamar fiyano yake, amma tsinkar tsirkiya yake yi, ba dukanta ba. Saboda haka muryarsa siririya ce, kuma kome ƙarfin dannawa ba ta ƙaruwa. Makaɗa kaɗan a ɗaki matsakaici, nan yake jin daɗin magana.

To, masu ɗaukar sauti kan ɓata abin ta hanya biyu. Wasu sukan tara masu goge da yawa har su danne shi, a riƙa jinsa kamar daga bayan katanga. Wasu kuwa sukan cusa makirufo cikin cikinsa, sai ƙwas-ƙwas ɗin katako ya cika kunne, ya kuma yi amon da ba shi da shi a zahiri.

Mai neman na ƙwarai yana da gwaji mai sauƙi. Ya sa kashi na tsakiya na konshato mai lamba BWV 1056, inda masu goge ke ajiye izga su tsinki tsirkiya da yatsa. In ya rarrabe tasu tsinkar da ta hafsikod, an ɗauka da kyau. Sa'an nan ya koma BWV 1052 ya kasa kunne ga hannun hagu. In ya ɓace cikin taro, rabin kiɗan ya tafi ke nan.

Akwai faifan da ya kamata ya fara da su. Gustav Leonhardt na Holan ya ɗauki mafi yawansu da 'yar ƙaramar ƙungiya a shekarun 1960. Trevor Pinnock da English Concert sun ɗauke su wa kamfanin Archiv tsakanin 1979 da 1981, da kayan kiɗa irin na zamanin Bach. Wanda kunnensa ya fi sabawa da fiyano yana da na Murray Perahia na 2001 da 2002, da na Angela Hewitt na 2005. Na Glenn Gould da Leonard Bernstein na 1957 kuwa, wasan abin ji ne, amma sautin na zamaninsa ne, ta kafa ɗaya yake fita.

Yanzu da intanet ta ba mutum damar saurare kafin ya biya, kyan bangon faifai bai kamata ya ruɗi kowa ba. Ya zauna inda ba hayaniya, ya jera faifai biyu ko uku a kan kashi guda, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.