Ruwan da Fijo ke sha

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai bar mini gona mai faɗi ba, amma ya bar mini mota: Peugeot 504, wato Fijo, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Da ita nake kai gyatumata asibitin Galmi awon hawan jini, da ita kuma nake zuwa Birnin Ƙonni idan aiki ya taso. Albashin malamin makaranta ba zai sayi wata ba.

Wata rana cikin Afrilu, muna dawowa daga Ƙonni, mun wuce Malbaza ke nan ana tsakar azahar, sai allurar zafi ta haura, tururi ya turnuƙe daga gaban mota. Gyatuma na baya tana salati. Na tsaya gindin wata bedi, muka jira inji ya huce, domin mai buɗe murfin lagireto da zafinsa fuskarsa yake sayarwa. Da na buɗe, abin da na gani ya fi kama da kunun tsamiya, ja mai kauri. A hankali muka lallaɓa har Dogarawa.

Akwai wani dattijon makanike a bakin titi wanda tun zamanin mahaifina yake taɓa motar. Bai ɗauki sifana ba. Kofin shayi ya ɗauko, ya ɗebi ruwan, ya ajiye a inuwa har ya kwanta, sa'an nan ya ɗaga shi ga haske kamar mai duba. Ya ce ja tsatsa ce, daga gangar jikin inji, wadda a Fijo ta baƙin ƙarfe ce. Farin gari da ya kwanta a ƙasa kuwa farar ƙasa ce. Abin tsoro shi ne na uku: mai yana yawo a saman ruwa, ko wani abu kamar kindirmo a ƙarƙashin murfi. Wannan alama ce gaskit ɗin kan inji, wanda a nan ake kira juwan kilas, ya ƙone, ruwa da baƙin mai sun haɗu. Aikinsa sai an sauke kan inji, kuɗinsa kuwa sai ya cinye ribar albasar da na noma a shekarar.

Ya zaro sandar awon mai, mai baƙi ƙirin, babu fari. Ya sa na tada inji da murfi a buɗe, ya tsura wa bakin lagireto ido yana jiran kumfa, ba ta taso ba. Ya zagaya baya ya duba salansa, babu farin hayaƙi. Sai ya ce, “Mushe, juwan ɗinka lafiya lau. Amma wane ruwa kake ba ta?”

Na ce, “Na rijiya, Baba.”

Ya ce, “Ka taɓa leƙa cikin butar shayinka?”

Na taɓa. Farin ɓawo ne manne a gindinta, kowa a garin nan ya san shi. Ƙasarmu ta farin dutse ce. Saboda dutsen ne aka kafa masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960, shi ne kuma ke narkewa kaɗan-kaɗan cikin ruwan rijiya. Abin da yake yi wa buta yake yi wa siraran bututun lagireto: ya toshe su, ya rufe ƙarfe da ɓawon da zafi ba ya ratsawa da sauƙi. Shekara da shekaru ina zuba wa motar dutse da hannuna.

A nan ne kunya ta kama ni, ni da nake koyar da Faransanci. Na sha ganin jarkokin ruwan nan mai launi a shagunan Ƙonni, an rubuta antigel, wato mai hana daskarewa. Na fassara kalmar daidai, na kuma yanke hukunci: kayan mutanen Turai ne, ina ruwan Adar da ƙanƙara? Ashe sunan ya faɗi aiki ɗaya ne ya ɓoye biyu. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Idan an gauraya shi rabi da rabi da wannan sinadari, sai wajen 107, murfi mai kyau kuma ya ƙara ɗaga shi. Sannan a cikinsa akwai maganin tsatsa, wanda ke kare baƙin ƙarfe da alminiyon kan inji. Da an sa masa suna da Hausa, maganin tsatsa ko maganin tafasa, da tuni na saya. Da yawa daga cikinmu ƴan boko haka muke: mu karanta suna, mu ɗauka mun san abu.

Wankin ya ci yini guda. Aka tsiyaye tsohon ruwa, aka cire tiyo, aka tura ruwa ta baya domin dauɗa ta fito ta inda ta shiga. Wani yaron gareji ya kawo shawarar kanwa, dattijo ya daka masa tsawa, ya ce kanwa cin alminiyo take yi. Garin tsamin lemo ya jiƙa, aka bar inji ya yi aiki da shi ɗan lokaci, aka ɗauraye har sau biyar kafin ruwa ya fito garau. Na'urar daidaita zafi ma ba mu tarar da ita ba, wani ya taɓa cire ta, sai da aka nemo wata.

Da dauɗa ta fita, sai ga yoyo a gindin lagireto, ramin da tsatsa ta daɗe tana toshewa. Aka like shi da dalma. Aka cika da sinadarin da ruwan batir, wanda aka tace babu dutse a ciki. Dattijo ya gargaɗe ni cewa ran da zan canza shi kada in zubar a tsakar gida, domin zaƙi gare shi, guba ne kuma, akuya ko yaro na iya sha.

Washegari na ɗauki gyatuma zuwa Galmi. Allura ta tsaya a tsakiya har muka isa. Ita dai ba ta yarda ba tukuna. Buta cike da ruwa tana tsakanin ƙafafunta, ko da za a buƙata.